Man Gashin Saudatu

Dodo, kukun wani Bature, ya sake dawowa Ƙofar Dundaye wajen Hajjo mai kitso. Gashin matarsa Saudatu ke karyewa tun da ta haihu, har ta daina fita biki.

Hajjo ta kwaɓa man shanu da man kaɗe, ta zuba zuma da garin hulba, ta miƙa masa ƙoƙon.

"Kullum kana karɓa, Dodo. Gashin ya fara tohowa?"

"Yana nan yadda kinka san shi."

"Ba ta shafawa ne?"

"Bai taɓa isa gida ba. Ran farko na aje shi madafa, Bature yas shafa ma burodi. Ran da babu shi, babu aikina."

Ya rufe ƙoƙon, ya miƙe.

"Ya ce a rage hulba."