Farar Ƙasa a Kan Haƙarƙari

Tsohuwa Mereana tana shafa farar ƙasa a haƙarƙarin giwar teku da ke kafe a ƙofar gida lokacin da Tipene ya hauro daga gaɓa, jaka a kafaɗa.

"Sannu da aiki, Mama."

"Yawwa, ɗan samari. Kallon gida ka zo? Yau ba ranar baƙi ba ce, amma shigo. Cire min takalman nan, kun iya kwaso yashi."

Kafin ta rufe baki ya riga ya cire.

Gidan katako ne, tun zamanin da mutanen wannan gaɓa ta Niyu Zilan ke farautar manyan kifayen nan da ake kira giwar teku don mansu. Ba a kan dutse aka ɗora shi ba, a kan ƙashin bayansu yake zaune. Ta nuna masa tukunyar narka kitse, ta nuna masa mashin kakan mijinta, bayani na zuba daga bakinta kamar hadda. A ƙofar kicin ya sunkuyar da kai tun ba ta ce ya kula ba. Katakon nan mai ƙara a tsakar ɗaki ma tsallake shi ya yi.

"Farar ƙasar fa, Mama?"

"Al'adar gidan nan ce. In namiji ya fita teku, mata su yi ta shafa ƙashin don ya hango gida daga nesa. Ran da ya dawo a ajiye burushi."

"Ai an daɗe da daina farautar."

"Autana ne a waje. Ya ƙetara zuwa Ostareliya haƙar ma'adinai, shekara da shekaru, ko waya ba ya yi. Ƙafarsa ba ta zama, ubansa ya ɗauko. Amma yana tafe."

"In ya zo za ki gane shi?"

Ta tuntsire da dariya. "Ji min yaro! Uwa ta kasa gane ɗanta?"

Tipene ya cire hula, ya juya fuskarsa ga hasken taga, ya tsaya cik. Ta daɗe tana dubansa.

"Ka rame," ta ce. "Kai ma ka je uwarka ta gan ka."

Da suka fito ta miƙa masa burushin, wai hannunta ba ya kai can sama yanzu. Ya ajiye jakar, ya karɓa, ya shiga shafawa a hankali, yana taya mahaifiyarsa jiran kansa.