Batu Na Tara

An kai minti arba'in ana muhawara a kan launin fentin ƙofar makaranta. Ma'aji yana son shuɗi, Hedimasta yana son kore. Duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin ya san ba launi ne damuwar ƙofar ba, tunda ɓari guda a jingine yake da bango.

Tela, wadda ita ce wakiliyar iyaye a kwamitin makarantar, tana zaune a ƙarshen teburi da jakarta a cinya. Tun ƙarfe goma ta rufe shago, ta bar ɗinkin mutum uku a kan keke, kuma ba don fenti ba. Batu na tara take jira, kamar yadda aka buga shi a takardar zama: rajistar aji shida domin jarrabawar fita. Ranar Juma'a hukumar jarrabawa za ta rufe karɓa. In kwamiti bai amince a tura ba, 'yarta za ta sake zama a aji shida, shekara ta uku ke nan.

Bara ma ba ƙin amincewa aka yi ba. Ɗage batun aka yi zuwa zama na gaba, zama na gaba kuma ya faɗo kwana biyu bayan an rufe.

Aka bar fenti ga ƙaramin kwamiti, wato Ma'aji da Hedimasta.

Batu na huɗu, alli. Hedimasta ya sanar da cewa kwalin da aka saya shekara biyu da suka wuce har yanzu bai kai rabi ba. Aka yaba da tattalinsa, aka rubuta yabon. Batu na biyar, fanka: a gyara ta aji shida cikin gaggawa, sauran su jira. Batu na shida, shayin kwamiti, shi kaɗai ne ya wuce ba tare da kowa ya yi tari ba.

Tela ba za ta ce mutanen nan miyagu ba ne, kuma abin da ke ƙona mata rai ke nan. Ranar da yarinyar ta yi zazzaɓi, Ma'aji da kansa ya kawo magani har gida, ya zauna sai da ya ga ta haɗiye. Da damina ta faɗi, kwamiti ya saya mata laima. Hedimasta kuwa, in yarinyar ta makara da minti goma, sai ga shi a ƙofar shago yana haki, yana tambayar ko lafiya.

Tela ta gwada fitar da ita daga makarantar. Sabuwar makarantar da ke hayin titi ba ta karɓar yaro sai da takardar canji, takardar canji kuma ba ta aiki sai da hannun shugaban kwamiti. Shugaban kwamiti kawunta ne, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, shi ya saya mata keken da take ci da shi. Sau huɗu tana kai masa takardar. Sau biyu bai ga tabarau ba, sau ɗaya biro ya ƙi, na ƙarshe kuma ya karɓa ya ce zai duba.

"Batu na tara," in ji Kawu, ya kalli agogo kamar wanda aka yi wa laifi. "Lokaci fa ya ja."

"Kawu, Juma'a ake rufewa."

"Na sani, 'yar nan. Ni ma ina da kalanda."

"Gaskiya ni ina ganin ba a shirya ba," in ji Hedimasta. "Lissafin raba-raba har yanzu da saura."

"Malam, ita ke yi mini lissafin yadi a shago. Shekararta goma sha huɗu. Rigar makarantar nan sau uku ina sakin bakinta, babu sauran abin saki."

Ma'aji ya ɗago. "To ai sai a saka sabuwar riga a batu na goma. Wannan ba abin tayar da jijiya ba ne."

"Ba riga na zo roƙo ba."

Hedimasta ya shiga juya cokali a kofinsa. Kawu ya cire tabarau, ya goge su a hankali da bakin riga.

"Mutum goma sha bakwai ne ke ci daga makarantar nan," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Kowa da iyalinsa. Ki yi haƙuri sai baɗi."

Ya nemi masu goyon bayan a ɗage. Hannu uku suka tashi, ba wanda ya wuce kafaɗa. Ita ta ɗaga nata a kan ƙin yarda, aka rubuta, aka gode mata da gudummawarta.

Ta fito ta bi baranda. An dawo daga hutun tara, malamin aji shida yana shirin kiran suna, sai ta tsaya a bakin taga don kada ta katse shi. Tun da sabuwar makaranta ta buɗe, kowa a kwamitin ya haddace sashen dokar da ya ce makarantar da ta wayi gari ba ɗalibi za a rufe ta, a sallami ma'aikata, a rushe kwamiti. Malamin ya buɗe rajistar makarantar gaba ɗaya, daga aji ɗaya zuwa shida, ya kira suna guda, 'yarta ta amsa, ya rufe.