Ranar da Baba Ya Ɓata Mana Fim

Ina aji biyu a sakandare a Makarfi malaminmu ya ce kowane rukuni ya shirya gajeren fim. Ni na rubuta namu: uba ya kama ɗansa da sata, ya kore shi. Na roƙi Baba ya fito a uban.

Bayan la'asar muka same shi a Gubuchi yana dafa mazarƙwaila, ƙamshin ruwan rake ya cika wurin. Na ɗaga wayar yayata na fara ɗaukar fim. Habila, ɗan ajinmu da ya fito a ɗan, ya durƙusa a gabansa. Abin da Baba zai faɗa kawai shi ne, "Fita mini daga gida."

Sau uku yana buɗe baki yana rufewa. A na huɗu sai ya ɓallo mazarƙwaila ya miƙa wa Habila.

Na ce, "Baba, ba haka aka rubuta ba."

Ya ce, "Uwata, ko da wasa bakina ba zai iya korar yaro ba."

Da malam ya duba fina-finan, mu muka zo na ƙarshe. Kwana biyu ina fushi, ko gaishe shi ban yi ba. Yanzu da ba ya raye, kwana biyun nan nake so a dawo mini da su.