An Cire Sunansa

Maƙalar ta fito a mujallar ƙasar waje, har ɗalibai na yawo da ita a waya, amma malamar kimiyyar siyasar ta kasa buɗewa. Tun farko ba ta yarda da Baturen farfesan da suka rubuta ta tare ba. Ita ta bi unguwar Gwallaga lungu-lungu tana hira da mutane kan bangar siyasa, shi kuwa daga can sai, "Turo min, zan gyara." Ta san halin irinsu: kai ka sha rana, su kwashe suna.

Ta daure ta buɗe. Sunanta ne a farko, nasa na biye. Kunya ta kama ta.

Sai ta iso kan dattijon da ya tona asirin mai ciyar da 'yan sara-suka, bayan ta rantse masa ba wanda zai gane shi. Nan take ta kira farfesan.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi. "Na cire sunansa. Sana'arsa kawai na bari, mai gyaran rediyo."

Duk Gwallaga ba wanda ya san sunan dattijon na yanka. Mai Rediyo ake ce masa.