Wankan Sarakunan Rum

Yana dawowa daga kasuwa ya tarar da kwabbansa na zamanin Rumawa shanye a kan tsumma, suna ƙyalli kamar sabuwar tasa.

"Ke tsohuwa, me kika yi mini haka?"

"Gobe bikin Ista," in ji matarsa. "Baƙinka na tafe daga birnin Plovdiv, in bari su ga ƙazanta? Gishiri da ruwan tsami kawai na sa."

Ya tsuguna gaban tsumman. Koriyar tsatsar da ta kankare ita ce shaidar tsufan tagullar, ita masana ke sunkuyawa su duba.

Ya lalubo wanda ya fi ji da shi, wanda ya tono a gonar inabinsu. Ya sha rantse wa 'yan ƙungiyarsu ta masu tara tsofaffin kwabbai cewa kan wani sarki ne a jiki, sarkin da tarihi ya manta. A kansa ya daina gaisawa da amininsa.

Babu sarki. Huji huɗu ne reras a tsakiya.

Ta leƙo ta kafaɗarsa. "Af, maɓallin wandon marigayi babanka! Miƙo shi nan, naka ma ya tsinke."