Rigar Ɗanliti Ranar Kasuwa

"Kar ki yi murmushi," in ji Ɗanliti tela, yana gyara wa ƙanwarsa Balkisa wuyan riga. "Ki kafe ido gaba, awa 'yan tallan kaya na birnin Yamai."

Riga ce baƙa da ja, hannu ɗaya dogo, ɗaya guntu, an jera mata farin wuri a ƙirji. Irinta sak ya sa wa abokinsa Issa. Mace ta sa, namiji ya sa, sabon yayin da ya koyo a birni ke nan. Baban Ɗanliti kuwa ya rantse, in garinsu Filingue ya yi musu dariya yau, zai sayar da keken ɗinkin, Ɗanliti ya koma gona.

Aka saki kiɗan goge a lasifika. Balkisa da Issa suka ratso kasuwa, fuska a murtuke, suna taku ɗai-ɗai.

Ba wanda ya yi dariya. Mutanen ƙauye suka tuɓe takalma, tsofaffi suka durƙusa. Ɗanliti ya ɗaga waya yana ɗaukar su hoto. Ko a Yamai ba a taɓa yi wa tela haka ba.

Sai wani dattijo ya rarrafo gaban Balkisa riƙe da jan zakara. A ƙauyensu, wanda iskoki suka hau ne kaɗai ke sa tufa ba ruwansa da ta mace ce ko ta namiji.

"Ranka shi daɗe," ya ce, kansa a ƙasa. "Gero na ƙonewa. Yaushe za ku sako muna ruwa?"