Jaririn da Ke Shafin Farko

"Wannan hoton haɗi ne," in ji tsohon mai ɗaukar hoton, ya dangwara jaridar a gaban edita.

A shafin farko, wata mata ce ta cillo jaririnta ta tagar bene mai ci da wuta, 'yan acaɓan Kwatano sun tara hannuwa a ƙasa. Sabuwar ma'aikaciyarsu ce ta ɗauka da kyamararta mara fim, ta turo tun kafin shi ya tsoma nasa a ruwan wankin hoto. Dama bai taɓa yarda da ita ba. Hoton da ba a sayi fim ba, ba a shiga ɗakin duhu ba, ai ƙarya ma araha take a cikinsa.

"Ranka ya daɗe, ina wurin daga farko har ƙarshe, ban ga an jefo kowa ba. Kwamfuta ce ta haifi jaririn nan."

"Baba, zauna mana," in ji budurwar da ta ɗauki hoton.

"Ba zan zauna ba. In kina da gaskiya, nuna min hotunan da suka gabace shi."

Ta kunna kyamarar, ta riƙa komawa baya ɗaya bayan ɗaya. Ga jaririn a iska. Ga shi a hannun uwarsa. Ga jama'a kaf sun ɗaga kai sama, baki buɗe.

Mutum ɗaya ne kawai ya sunkuyar da kai a gefen hoton, ya buɗe bayan kyamararsa yana zura sabon fim.

Tsohon ya gane hular. Tasa ce.